Cefane ta Wayar Salula: Wa Ke Ɗaukar Asarar?

Ya kai ɗan'uwa manomi, da kai malamin gona, wataƙila ka ce ina ruwanka da mutanen birni da ke zaune a gida ko a ɗakin otal, su latsa waya a kawo musu cefane har bakin ƙofa. Da ruwanka kuwa. Tumatirin da ke cikin akwatin bayan babur ɗin da ke kutsawa cikin cunkoson Legas daga fadamar wani ya fito, doyar kuma daga kunyar wani aka tono ta. Ɗanka da ke karatu a Abuja da 'yarka da ke aure a Ibadan suna cikin masu latsa wayar nan. Kai kanka, ranar da aka kira ka bita a birni aka sauke ka a otal, sai ka sami mai ba ka shawarar ka yi hakan. Saboda haka ya dace mu dubi wannan ciniki da idon mutumin da ya san yadda amfanin gona ke lalacewa, domin masu tallarsa ba za su faɗa maka wannan ɓangaren ba.

Sayayya ta intanet ta fara kafuwa a Nijeriya ne a shekarar 2012, lokacin da kamfanonin Jumia da Konga suka buɗe a Legas. A farko wayoyi da tufafi da kayan lantarki aka fi saye. Abinci ya shigo da ƙarfinsa a 2020, sa'ad da annobar korona ta sa gwamnati ta kulle Legas da Ogun da Abuja a ƙarshen watan Maris, mutane suka rasa hanyar zuwa kasuwa. A 2021 kamfanonin Glovo da Chowdeck suka fara aiki a ƙasar nan. Bayan waɗannan manya akwai ɗimbin ƙananan 'yan kasuwa, mafi yawansu mata, da ke tallar kayan miya da hatsi da kifi ta WhatsApp da Facebook da Instagram, su karɓi kuɗi ta banki, su ɗora wa ɗan babur.

Ba na musun amfaninsa. Tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita, da mai jego, da ma'aikacin da ba ya dawowa gida sai bayan isha'i, duk sun sami sauƙi. Matasa da yawa kuma sun sami abin yi. Abin da nake cewa shi ne wannan sauƙi yana da farashi, kuma sau da yawa wanda ke biyansa bai san yana biya ba.

Ido da hannu da hanci

Tuna yadda uwargida ke sayen doya a kasuwa. Takan ɗaga ta ta ji nauyinta, ta juya ta ta nemi inda fartanya ta sare ta, ta ɗan ƙwarzane bawon da farce ta ga ko cikin fari ne ko ya fara sauya launi, ta latsa kan da gindin ta ji ko akwai taushin ruɓa. Mai sayen wake yakan cusa hannu can cikin buhu, ba saman da aka gyara ba, ya ɗebo ya nemi hudar ƙwaro, sa'an nan ya kai hanci. Mai sayen masara yakan ciji ƙwaya ɗaya ya ji ko ta bushe ƙayau. Albasa a wuyanta ake gane ta: in wuyan bai bushe ya tsuke ba, ba za ta yi mako biyu a ɗaki ba. Kifi kuwa ido da ƙasan kunnensa ake dubawa. Wannan duka bincike ne na inganci, ko da yake ba a kiransa haka, kuma shi ne kaɗai binciken da mafi yawan abincin da muke ci ke samu kafin ya shiga tukunya.

Wanda ya yi oda ta waya ya ajiye wannan bincike baki ɗaya. Abin da ke gabansa hoto ne, hoton kuma sau ɗaya aka ɗauke shi, na kayan da suka fi kyau, a ranar da suka fi kyau. Hausawa sun riga sun raɗa wa irin wannan suna: cinikin biri a sama. Wanda zai zaɓo maka kayan yaro ne da aka ɗora wa oda da yawa a lokaci guda, ana auna ƙwazonsa da saurinsa. Ba mugunta ba ce in ya ɗauko abin da ke kusa da hannunsa. Kuma duk mai shago, na kirki da na banza, so yake kayan da suka daɗe su fara fita. Wanda ya zo da ƙafarsa zai ture su gefe ya zaɓi sababbi. Wanda ke nesa shi za a tura wa.

Da a kan kyau da muni kawai abin ya tsaya, da da sauƙi. Akwai batun lafiya. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a jikinsa, wato sinadarin da ke cikin magungunan da wasu masu ajiya ke yayyafa wa wake kai tsaye. Waken da aka yi wa haka kwanan nan yakan tona kansa ga mai hanci. Ayaba da mangwaron da aka nunar da kabaid, abin da Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai, sukan yi rawaya a waje alhali cikin da sauran ƙarfi da rashin zaƙi. Manjan da aka zuba wa jan rini yakan yi jan da ya wuce ƙima. Gaskiya ne cewa gubar aflatoksin da funfuna ke haifarwa a masara da gyaɗa ba ta ganuwa, ko kana tsaye a gaban buhun. Amma ƙwayar da ta yamutse, da wadda ta sauya launi, da warin laima, duk ana iya gane su, kuma su ne alamun da kai malamin gona kake koya wa mutane su guje wa. Duk wannan koyarwa ba ta da wurin aiki idan mai saye bai ga kayan ba sai bayan ya biya.

Sa'an nan a kasuwa ka san wanda ya sayar maka. Rumfarsa na nan gobe, yana da shugaban layi, yana da sarkin kasuwa a sama da shi, yana kuma jin kunyar a tara masa jama'a. Mai shafin Instagram kuwa yana iya rufe shafin da dare, ya buɗe wani da sabon suna kafin gari ya waye.

Zafi da lokaci

Kayan gwari ba sa mutuwa ranar da aka tsinke su. Suna ci gaba da numfashi, suna ƙona abin da ke jikinsu, suna fitar da ruwa da zafi. Masana ajiyar amfanin gona sun daɗe da tabbatar da cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin lalacewar nan sau biyu, wani lokaci har sau uku. To, ka dubi tafiyar tumatir daga Kadawa ko Kwanar Gafan a Jihar Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas: kimanin kilomita 1,000, cikin kwandunan da aka jibga wani kan wani, na sama yana danne na ƙasa, kwana ɗaya ko biyu a hanya in mota ba ta lalace ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 40 cikin ɗari na tumatirin ƙasar nan ke salwanta kafin ya kai ga mai ci. Wanda ya tsira ya isa kasuwa ya riga ya cinye mafi yawan kwanakinsa.

Cinikin waya yana ƙara wa wannan tafiya wani zango. A ɗauko daga kasuwa zuwa sito, a ƙulla a leda, a jira ɗan babur, a rufe a akwatin da rana ke duka, a bi gida uku ko huɗu kafin a iso naka. Leda a ƙulle tana tara gumi, gumin kuma shi ne abin da funfuna da ƙwayoyin ruɓa ke nema. Idan aka haɗa nunanniyar ayaba ko tumatir da alayyafo ko latas a leda ɗaya, iskar da 'ya'yan itace masu nuna ke fitarwa tana sa ganyen ya yi rawaya da wuri. Mai haɗa kayan bai san wannan ba, ba a kuma koya masa ba.

Nama da kifi da kaji da madara sun fi haɗari, domin su ba asarar kuɗi kaɗai suke jawowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60, ta kuma ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. Zafin ɗakinmu a watan Maris da Afrilu kowa ya san shi, balle na cikin akwatin babur. Kazar da ta narke a hanya aka sake daskarar da ita ba ta nuna komai a fuska. Kamfanin da ke da motar sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa yana iya kiyaye wannan, amma kai mai oda ba ka da hanyar sanin ko naka yana cikinsu.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen, wanda na fi gani a wurin waɗanda suka sami ɗakin sanyi ba su sami ilminsa ba: tura komai cikin sanyi. Doya da ayaba da ɗanyen tumatir ba sa son sanyin da ya yi ƙasa da kimanin digiri 12. Sanyin yakan yi musu lahani a ciki, lahanin kuma ba ya bayyana sai sun fito sun kwana a gidanka. Ɗanyen rogo kuwa kwana biyu zuwa uku bayan tono ya fara baƙi.

Batun otal ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, tun da malaman gona matafiya ne. Otal da yawa ba sa barin ɗan aike ya hau zuwa ɗaki. A wurin karɓar baƙi ake ajiye kaya, kai kuma kana zauren bita har la'asar. Ƙaramin firijin ɗakin otal an yi shi ne domin ruwa da lemo, ba ya kai sanyin da nama ko madara ke bukata, ga shi ana kashe janareta da rana a wurare da yawa. Ba ka da wuƙa, ba ka da murhu, ba ka da wurin wanke ganye sai bahon banɗaki. Idan an kawo ba daidai ba, kafin a gama sauraron ƙorafinka ka riga ka kama hanyar gida. Baƙon da zai kwana uku ya fi dacewa ya tambayi ma'aikacin otal ina kasuwa ko shago mafi kusa, ya taka ya sayi abin da zai ci a ranar.

Awo da farashi

Mudu ba ɗaya ba ne a ƙasar nan. Na Bida daban, na Lafiya daban, tiyar Kano daban, robar fentin da ake awo da ita a Legas daban. A kasuwa wannan bai cika cutarwa ba, domin a gabanka ake aunawa, kana ganin ko an cika an yi tozo, ko an buga gindin kwanon ya shige ciki. A waya kuwa sai ka ga an rubuta "kwando ƙarami" ko "kashi ɗaya", babu mai gaya maka kilo nawa ne. Har waɗanda ke rubuta kilo, mutum nawa ne ke da sikeli a gida da zai gwada?

Ka kuma lissafa abin da aka rasa wanda ba ya cikin rasit. Babu tayi, babu "albarka", babu ragi. Babu gyara, wato ɗan ƙarin da mai kayan miya ke jefa wa abokin ciniki, wanda in aka tara shi a wata ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Babu arahar yamma, lokacin da mai kayan gwari ya gwammace ya karyar da ya kwana da su. Babu bashin amana na "kawo gobe". A maimakon haka akwai kuɗin kai kaya, da kuɗin hidima, da mafi ƙarancin abin da za ka saya kafin a amsa maka, wanda ke sa mutum ya ƙara abin da bai yi niyya ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin kai kaya ya bi farashin mai. A tsakiyar 2024, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Iyalin da irin wannan tsada ta matsa ba su da rarar da za su biya wani ya je musu kasuwa.

Idan abin da ka nema ya ƙare, sai a musanya maka da wani. Ga mai haɗa kaya shinkafa shinkafa ce, wake wake ne. Ga mai girki kuwa shinkafar tuwo daban da ta dafa-duka, waken ƙosai daban da na ci, attaruhu ba ya maye gurbin tattasai. Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa Hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai sami dubawa ba kafin a kawo, idan ba su dace da yadda aka siffanta su ba. Doka ce mai kyau. Sai dai wa zai kai ƙara a kan kwandon tumatir, wanda kafin a amsa wasiƙarsa ya zama ruwa?

Ɓangaren manomi

Nan ne maganar ta fi shafarka. Kalmar da ake jan hankalin manoma da ita ita ce za a cire dillali, kaya su tashi daga gona kai tsaye zuwa gidan mai ci. Ni dai a ganina ba a cire shi ba, an sauya masa riga ne. Aikin da dillali ke yi, wato tara kaya daga ƙananan gonaki, da nemo mota, da ɗaukar asarar hanya, da ba manomi kuɗi a hannu, dole wani ya yi shi, dole kuma a biya shi. Dillalin kasuwa la'adarsa sananniya ce, kana iya yi masa gardama a kai, kana iya komawa wurin wani. A Amurka, inda aka fi bin diddigin wannan harka, kamashon da manhajojin kai abinci ke cira daga masu sayarwa yakan kama daga kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari, har wasu birane suka kafa masa iyaka a 2020. Duk inda aka cire irin wannan, mai sayarwa ko dai ya ɗora wa mai saye ko ya rage daga abin da zai ba wanda ya noma. Mai saye yana iya rufe manhaja ya tafi wani wuri; manomin da tumatirinsa ya nuna a gona ba shi da inda za shi.

Na biyu, cinikin da ya dogara ga hoto kyan gani yake nema. Ana son tumatir mai girma ɗaya da ja ɗaya, doya miƙaƙƙiya, karas marar reshe. A kasuwar gargajiya kowane aji yana da mai saye: na farko ya tafi gidan mai hali, matsakaici ya tafi ga talaka, wanda ya fashe ya tafi ga mai abincin sayarwa ko mai shanyawa ya yi kauɗa. Mai sayen waya kuwa zai tsince na sama ya bar maka sauran, sauran kuma da aka cire masa kai ba zai yi farashin da gaurayayyen zai yi ba. Kafin ka yi murna da farashin da ya ba ka a kan kwando goma, lissafa abin da ya rage maka a kan talatin ɗin da ya bari. Har ila yau, son kyan gani yana tura manomi ga yawan feshi daf da girbi, ba tare da jiran kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani ba. Wannan kai malamin gona ka san ƙarshensa.

Na uku shi ne biya. A kasuwa ana sallamawa a ƙirga maka kuɗinka. Masu sayen waya da yawa sai sun sayar suke biya, bayan mako ɗaya ko biyu, sa'an nan a zaftare abin da aka ce ya lalace a hanya, asarar da ba ka gani ba, ba ka kuma da ikon musantawa. Ga kuma 'yan damfara masu turo saƙon banki na bogi, mota ta ɗaga da kaya kafin manomi ya gane babu abin da ya shiga asusunsa.

Sai batun ɗorewa, wanda ya fi damuna. Kai abinci gida sana'a ce mai ƙarancin riba ko a ƙasashen da ke da hanyoyi da wuta. Kamfanin Webvan na Amurka ya karye a 2001 bayan ya cinye jari mai ɗimbin yawa. Getir na Turkiyya ya janye daga Ingila da Jamus da Holan da Amurka a 2024. A nan gida, a watan Disamban 2023, Jumia ta rufe sashenta na kai abinci a ƙasashen Afirka bakwai har da Nijeriya, Bolt Food ma ya bar ƙasar a wannan watan. Ga mai oda wannan ba komai ba ne, sai ya sauke wata manhajar. Amma ka ɗauka ƙungiyar manoma ta shuka latas ko wani nau'in tattasai da ba a ci a yankinta, domin wani mai saye ɗaya da ya yi mata alkawari ta waya, ta kuma yi watsi da dillalan da ta saba da su shekara da shekaru. Ranar da wannan mai saye ya rufe, wa za ta kai wa? Kasuwar doya ta Zaki Biam da ta hatsi ta Dawanau da Bodija ta Ibadan suna da aibobinsu, kowa ya san su, amma ba a taɓa wayar gari an ce masu jari sun janye an rufe su ba.

Idan aka juya cinikin

Yanzu har iri da taki da maganin feshi ana tallarsu ta waya, kuma a nan kai ne mai oda. Duk abin da na faɗa a sama ya hau kanka, har da ƙari. Uwargidan da aka kawo wa ruɓaɓɓen tumatir ta yi asarar miyar kwana ɗaya. Manomin da aka kawo wa hatsin kasuwa da aka rina aka zuba a leda mai kyau da sunan ingantaccen iri ba zai gane ba sai shuka ta fito, wani lokaci sai ta yi bunni, a lokacin kuwa damina ta yi nisa, kuɗin huɗa da taki da noma duk sun tafi. Haka takin da aka yi wa algus, haka maganin da wa'adinsa ya wuce aka sake masa takarda.

Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, wadda dokar 2019 ta ƙarfafa, ta fito da tambarin SEEDCODEX da ake kankarewa a aika lambar ta waya domin tabbatar da sahihancin iri. A shekarar nan ta 2019 kuma aka sa hannu a dokar kula da ingancin takin zamani. Amma ka lura da wani abu: a shagon dila kana iya neman ganin tambarin kafin ka ciro kuɗi, wanda ya yi oda kuwa sai bayan ya biya buhun zai iso hannunsa. Shirin tallafin taki ta wayar salula da aka fara a 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina ke ministan gona, saƙo kawai yake turo wa manomi. Takin kansa sai ka je cibiya ka gan shi ka karɓa. Wayar ta ɗauki labari, ido ya ɗauki kaya. Wannan rabon aiki shi nake ganin ya dace da mu har yanzu.

Saboda haka, malam, idan manoman yankinka suka tambaye ka, kada ka ce musu su guji waya, domin ba za su ji ba, bai kuma kamata su ji ba. Da ita ake jin farashin kasuwanni kafin a loda mota, da ita ake samun mai saye a garin da ba a taɓa zuwa ba. Ka raba musu kaya gida biyu. Abin da ya bushe, aka auna da sikeli, aka rufe da suna da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, kamar shinkafar kamfani da gari da man girki, yana jure cinikin nesa, muddin an duba kafin ɗan aike ya juya. Abin da ke numfashi ko ke bukatar sanyi yana son ido, ko naka ko na wanda ka amince da shi.

Ƙungiyar da ke son sayar wa masu cinikin waya ta fara da kaɗan, kada ta ba mai saye ɗaya fiye da abin da za ta iya jure asararsa, kada kuma ta yanke hulɗa da kasuwarta ta da. A rubuta yarjejeniya, ko da a takardar makaranta ce, da shaidu: farashi a kan kilo, aji nawa za a ɗauka da yadda za a yi da ragowar, ranar biya, da wurin da kaya ke fita daga wuyan manomi. In son samu ne a bakin gona, bayan wakilin mai saye ya duba ya sa hannu. A yi amfani da akwatunan roba masu huda maimakon kwando inda hali ya yi, domin ana jera su ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba. Kada mota ta tashi sai an ga kuɗi a cikin asusu, ba a saƙon da mai saye ya nuna a wayarsa ba.

Irin da aka saya daga nesa kuma, ko da tambarinsa ya tabbata, a sa ya iso aƙalla mako biyu kafin shuka. A ƙirga ƙwaya 100 daga wurare daban-daban na buhun, a jera su a jiƙaƙƙen tsumma ko yashi mai laima a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa, a ƙirga waɗanda suka tsiro bayan kwana bakwai. Idan ba su kai 80 ba, a ajiye buhun da ledarsa da rasit, a sanar da ofishin gona na ƙaramar hukuma tun sauran manoma ba su saya ba, a kuma nemi wani irin tun ruwa bai zauna ba.